Jinin dasashi da dafin ƙwayoyin baki: kurakuran da aka fi yi

Mutum zai ga jini a kan asuwaki, sai ya daina goge wurin wai kada ya fama ciwo. Alhali nan ne ya fi bukatar gogewa. A ɗan ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi wasu ƙwayoyin cuta marasa son iska ke zama, irin su Porphyromonas gingivalis. Fatarsu ta waje na ɗauke da dafin da ake kira endotoksin, haɗin kitse da sukari, kuma ɓangaren kitsen, lipid A, shi ke tsokanar garkuwar jiki. Sai dasashi ya kumbura, ya yi ja, yana jini. In abin ya daɗe, jiki da kansa ke zaizaye ƙashin da ya riƙe haƙori, har ya fara girgiɗi. A riƙa goge gindin haƙori a hankali, safe da dare, har da na can ciki da asuwaki ba ya yawan kaiwa.

Abin da ya fi damuna shi ne sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin ko Flagyl a teburin mai magani a kasuwar Garuwa ko Marwa ta Kamaru, a sha kwana biyu a ajiye. Ko ƙwayar cutar ta mutu, dafin ba ya mutuwa tare da ita, fashewarta ma sakinsa take yi. Waɗanda suka ɓuya cikin dattin da ya manne a haƙori kuwa, magani ba ya ratsa su sosai, sai su sake yaɗuwa.

Kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi yana rage raɗaɗi, amma kada a sa mai ƙuna da nufin kashe dafin. Tafasa ma ba ta lalata shi. A ɗakin gwaji sai an gasa kayan gilashi a zafin digiri 250 a ma'aunin Celsius na minti 30 kafin dafin da ke jikinsu ya lalace.

Dattin da ya daskare ya yi tauri a gindin haƙori, gawayi da toka ba sa cire shi, sai dai su cinye farin haƙori. Likitan haƙori ne ke kankare shi, ya kuma auna ramin: in ya wuce milimita 3, akwai matsala.

Mai shan taba kada ya ruɗu don bai ga jini ba, taba na ɓoye alamar. Mai ciwon suga kuma ya gaya wa likitansa halin dasashinsa, domin wannan kumburi na hana suga daidaita.