Yadda Za Ka Rage Teɓa da Tuwon Gida da Tafiyar Ƙafa a Zariya

Kafin ka sayi takalmi ko ka rage loma ɗaya, samo tef ɗin tela. Auna tsawonka, sannan ka auna cikinka daidai cibiya, da safe kafin karin kumallo, ba tare da ka shanye ciki ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada kewayen ciki ya wuce rabin tsawo. Mai tsawon santimita 170 ya kamata cikinsa ya tsaya ƙasa da 85. Rubuta lambar, ka maimaita awon bayan kowane mako biyu. Tef ya fi sikeli gaskiya, domin kitsen ciki ne ke tafe da hawan jini da ciwon sukari. A wannan makon kuma ka je asibiti ko kemis a auna hawan jininka. Idan ya kai 140/90 ko ya wuce, ga likita tukuna. Haka ma mai juna biyu, da mai shan maganin sukari, wanda rage abinci kai tsaye kan iya faɗar masa da sukari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato minti 30 a kwana biyar. Kada ka fara da 30. Fara da minti 15 bayan sallar asuba, ka riƙa ƙara minti 5 kowane mako. A mako na huɗu ka iso. Saurin da ake so shi ne wanda numfashi zai ɗan hau, amma kana iya magana da abokin tafiya. Tafiyar zuwa majalisa ba ta cikin lissafi.

Mutanen Samaru na da titunan cikin jami'a, masu inuwa. Na Tudun Wada, Sabon Gari da cikin Birni su fita kafin 'yan acaɓa da masu Keke Napep su cika hanya, su bi gefen da suke fuskantar abin hawa. Sa kambas mai taushin ƙasa, ko na gwanjo ne. Silifas na jawo ciwon diddige. Dutsen Kufena kuwa a bar shi sai bayan wata biyu, domin saukowa ta fi hawa cin gwiwa.

Yanayi na da nasa hukunci. Da hunturu, ƙurar asubahi na tayar da asma da tari, saboda haka jira rana ta ɗan ɗaga, ka sa takunkumi. Da bazara, a Maris da Afrilu, gama tafiya kafin ƙarfe 8, ka sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Fitsari mai duhu alama ce ruwa ya yi ƙaranci.

Sau biyu a mako a ba tsoka aiki. Zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafa komai ba, sau 10. Dafa bango da tafin hannu biyu, ka lanƙwasa gwiwar hannu ka tura kanka baya, sau 10. Cika jarka mai lita 5 da ruwa, nauyinta kilo 5 ke nan, ka ɗaga ta daga cinya zuwa ƙirji sau 10. Huta minti ɗaya, ka zagayo sau uku. Uwargida da ba ta cika fita ba na iya yin duk wannan a tsakar gida, ta haɗa da zagayen minti 10 sau uku a yini. Lissafin ɗaya ne. Tsamin jiki na kwana biyu ba komai ba ne. Amma zafi mai suka a gaɓa, ciwon ƙirji ko jiri, a tsaya nan take a nemi likita.

Akushi ne wurin da yawanci ake cin nasara ko a faɗi. Tuwo ba shi da laifi, girman malmala ne matsala. Ɗauki malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunka, ka bar miya ta yi rinjaye: kuka, kuɓewa, taushe, zogale, alayyahu. Idan kai ke kai niƙa, a rage surfe. Dusar da ake zubarwa ita ke riƙe ciki ta hana sukari hawa da sauri, shi ya sa tuwon dawa ko na gero ya fi na farar shinkafa daɗewa a ciki. A kowane ci a samu abin gina jiki: wake, alale, awara, ƙwai, kifi ko kindirmo. Kwaɗon rama ko na zogale da ƙuli-ƙuli abincin rana ne cikakke, kuma bai kai kuɗin taliya da lemo ba.

Abu uku ke ɓata aikin a ɓoye. Na farko mai: cokali babba ɗaya na man gyaɗa ko manja na ɗauke da kalori kusan 120, kuma ɗanwake da waina kan sha cokali biyu ko uku. A auna da cokali, a daina tuttulawa daga kwalba. Na biyu gishiri: iyakar yini ƙasa da giram 5 ce, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya kansa cike yake da gishiri. Idan an sa dunƙule a rage gishiri, a ƙara daddawa, citta da tafarnuwa. Na uku sukari, wanda ya fi su wayo domin shan sa ake yi. Galibin lemon kwalba na da kusan giram 10 a kowane mililita 100, don haka robar rabin lita ta kai giram 50, iyakar yini gaba ɗaya. Shayin mai shayi, zoɓo, kunun aya da fura duk suna shiga wannan layi idan an zuba musu sukari. Rage rabi a makon farko. Harshe na sabawa. In kwaɗayi ya taso, ga gwaiba, yalo, karas, gwanda.

Ci tuwon dare bayan magariba, ba ƙarfe 10 ba, ka samu barcin awa 7 zuwa 8. Ƙarancin barci na ƙara yunwa washegari.

Kurakuran da suka fi yawa sanannu ne. Ƙin cin abinci yini guda yakan ƙare da cin na mutum biyu da dare. Shayin rage ƙiba da ake talla galibi gudawa ko fitsari yake sawa. Ruwa ne ke fita, kitse na nan, wasu ma suna wahalar da ƙoda da hanta. Ɗamarar roba gumi kawai take jawowa. Motsa ciki kaɗai ba ya narkar da teɓa, domin jiki ba ya zaɓen inda zai ƙone kitse. Rabin kilo a mako shi ne saurin da ke ɗorewa. Idan wata guda ya wuce tef bai motsa ba, rubuta duk abin da ka ci da wanda ka sha na kwana uku, har da tsiren majalisa da lemon ɗaurin aure, sannan ka fara yankewa daga abin sha.