Yadda ake sa wa akori-kura fitilar ƙasan ƙafa

Duk wanda ya taɓa jefar da makulli ko waya a ƙasan kujerar Hilux da daddare ya san fitilar rufin nan ba ta da wani amfani a wurin. Haskenta kan kujera yake tsayawa, dashbod da gwiwoyinka su tare sauran. Maganin abin shi ne 'yan fitilun LED da ake maƙalawa ƙarƙashin dashbod su haska inda ƙafa take. Manna fitilar ba ya ɗaukar minti goma. Inda aikin yake shi ne wurin da za ka ɗauko wuta da hanyar da wayar za ta bi, don haka a nan za mu fi daɗewa. Da Toyota Hilux zan yi misali, amma yawancin bayanin ya shafi kowace akori-kura mai batir ɗin volt 12.

Kayan aiki

Nemi zaren LED mai volt 12, wanda aka lulluɓe da roba mai hana ruwa shiga, saboda takalmin damina da ƙurar hunturu duk a wurin suke sauka. Guda biyu masu tsawon santimita 30 sun ishi gaba, idan motar mai ƙofa huɗu ce ka ƙara biyu na baya. Ƙaramin nau'in da ake kira 3528, mai ƙwai 60 a kowace mita, yana cin kusan watt 4.8 a mita ɗaya. Guda huɗun nan gaba ɗaya ba su kai watt 6 ba, wato wajen rabin amfiya. Akwai babbansa, 5050, mai cin ninki uku, amma ni ban ga dalilinsa ba, ƙasan ƙafa ba shagon ɗinki ba ne. A launi kuwa ɗauki fari mai ɗan ja-ja ko ruwan ƙwai. Shuɗi yana gajiyar da ido, masu walƙiya da canza launi kuma ka bar wa motar biki.

Sai waya ja da baƙa mai kaurin murabba'in milimita (mm²) 0.5 zuwa 0.75, fis mai amfiya 2 ko 3, da ɗan abin nan mai gidan fis biyu da ake cusawa a akwatin fis a ɗauko wuta ba tare da an yanka waya ba. Kafin ka saye shi, zare fis ɗaya daga motarka ka tafi da shi kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce ko Panteka, domin girmansu ba ɗaya ba ne. Ƙaro mitar gwada wuta, sifana mai lamba 10, filaya, salatif, igiyoyin roba na ɗaure waya da ɗan sifirit na goge wuri.

Zaɓi inda wutar za ta fito

Hanya biyu ce. Ta farko, ka haɗa fitilar da ta rufi, ta kama idan an buɗe ƙofa, ta mutu idan an rufe. Ta biyu, ka ɗauko daga layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, kamar na wurin cajin waya, ka sa mata makunni. Na fi son ta farko. Lokacin shiga da fita ne ake neman hasken, kuma ba ka tuƙi da haske yana dukan gilashi daga ƙasa. Abin da kawai ba a yi shi ne ɗaurawa kai tsaye a kan batir ba fis ba makunni. Rabin amfiya kamar ba komai ba, amma motar da ta yi kwanaki a ajiye da fitila a kunne sai an tura.

Ga inda mutane suke ruɗewa. A yawancin motocin Toyota, fitilar rufi tana da wuta a jikinta kullum, buɗe ƙofa ɓangaren bodi yake haɗawa, wato ɓangaren baƙar waya da ke komawa jikin ƙarfen mota. Saboda haka jar wayarka za ta tafi fis mai wuta kullum, yawanci wanda aka rubuta wa DOME, baƙar kuma ba jikin ƙarfe za ta ba, wayar ƙofa za ta samu. Idan ka ɗaure ta a noti, fitilar ba za ta taɓa mutuwa ba.

Kada ka dogara da launin waya, yana canzawa daga shekara zuwa shekara. Gwada da mita. Sa makunnin fitilar rufi a kan DOOR, ka ɗora baƙin bakin mita a ƙarfe, jan kuma a wayar da kake zato. Wadda ta nuna kusan volt 12 ƙofa na rufe, ta faɗo kusa da sifili da aka buɗe, ita ce. Ka ɗan jira bayan rufe ƙofar, wasu motocin a hankali fitilarsu take dusashewa. Duk wayar da ka gani da rawayen soket ko rawayen lulluɓi, ta jakar iska ce, ko bakin mita kada ya taɓa ta.

Haɗawa

Da ka gano wayoyinka, kashe mota, zare makulli, kwance baƙin kan batir, ka ba shi 'yan mintuna kafin ka sa hannu ƙarƙashin dashbod.

Zare fis ɗin da ka zaɓa ka sa shi a gidan ƙasa na abin ɗauko wutar, sabon fis ɗin ƙarami a gidan sama, ka cusa a ramin. Yana shiga ta kowace fuska, amma ɗaya ce daidai. Idan ka mayar da batir za ka iya tantancewa: cire fis ɗin ƙasa ka bar na sama, in har wayar tana kawo wuta to ya zauna daidai, in babu ka juya shi.

Kafin ka ɓare takardar gam, riƙe zaren a wurin ka ga yadda hasken zai faɗi. Ƙwayayen su kalli ƙasa, kuma wanda ke zaune kada ya hango su. Goge wurin da sifirit ya bushe, ka manna, sannan ka ƙara igiyar roba a kowane baki. Gam kaɗai ba ya jure motar da ta wuni a rana a watan Afrilu, sai ka tarar da zaren yana lilo. Idan ya yi tsawo, yanke shi a kan layin da aka yi alama, bayan kowane ƙwai uku.

Gefen direba ne yake son natsuwa. Taka birki, kuloci da totur har ƙasa, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ka ɗaga shi ka sauke idan mai motsi ne, kana kallon duk abin da ke motsawa. Wayarka ta bi bayan tsofaffin wayoyin mota, a ɗaure duk bayan taƙi ɗaya, nesa da waɗannan. Wayar da ta saki ta naɗe birki ba ƙaramar magana ba ce. Hilux na 2015 zuwa sama da yawansu suna da jakar iska ta gwiwa a ƙarƙashin sitiyari, za ka ga an rubuta SRS a murfin. Kada ka manna komai a kansa, kada waya ta gitta ta gabansa.

Na baya a ƙarƙashin kujerun gaba ake sa su, suna kallon baya. Bi da wayar ta ƙarƙashin robar bakin ƙofa, ka bar mata rara yadda kujera za ta je gaba ta dawo ba ta ja ta ba, kuma kada ta kusanci layin da kujerar ke gudu a kai. Kowane zare ya samu ja da baƙarsa daga babbar wayar, ja da ja, baƙa da baƙa. Mahaɗar kuma a yi mata dalma ko a matse ta da soket, murɗawa da hannu a naɗe da salatif ba ya daɗewa a hanya mai gargada.

Gwaji

Mayar da kan batir ka buɗe ƙofa. Idan zare ɗaya ya ƙi kamawa, kusan kullum wayoyinsa ne aka juya, LED ba ya karɓar wuta a baibai. Idan duka suka ƙi, duba fis. Rufe ƙofofi ka kulle motar, ka leƙa ta gilashi har sai ka ga sun mutu gaba ɗaya. Agogo da tashoshin rediyo wataƙila sai ka sake saita su tunda an cire batir. Motar ofis ko sabuwa mai garanti kuwa, a nemi izini kafin a taɓa wayarta, kuma in ka gwada da mita ba ka samu wayar ƙofar ba, kai wa mai gyaran wutar mota ya nuna maka ita, sauran aikin ka ƙarasa da kanka.