Kurakuran da ake tafkawa wajen haɗa tamostat mai wayo a gida

Jama'a zafin Maris da Afrilu a Zariya ba wasa ba ne, shi ya sa yanzu za ka ga mutum ya sa an kawo masa tamostat mai wayo, wato na'urar bango mai daidaita sanyin ɗaki, irin su Nest ko Ecobee daga waje don ya riƙa sarrafa esi ɗinsa da waya, amma bayan kwana biyu sai ka ji ana cewa ai abin ya mutu, ko kuma jabu aka turo. Yawanci lafiyarsa ƙalau, wutar da yake ci ce ba a ba shi daidai ba.

Babban kuskure, wanda kuma ya fi cin kuɗi, shi ne sa masa wutar gida kai tsaye. Irin waɗanda ake yi wa kasuwar Amurka bolt 24 kacal suke aiki da shi, kuma daga wata 'yar taransifoma da ke cikin injin esin wutar ke fitowa. Wutar soket ɗinmu kuwa wajen bolt 230 ce. Mai wayarin da bai taɓa ganin irinsa ba, da ya ga harafin R a jikin ramin waya ya ga jar waya sai ya ɗauka layin wuta ne ya jona, tas ɗaya bodin, wato allon lantarkinsa na ciki, ya ƙone, babu gyara. Don Allah in ka buɗe bango ka ga wayoyi masu kauri irin na soket, tsaya nan. Nasa sirara ne, kamar na ƙararrawar ƙofa.

Kafin ma a kai nan, wane irin esi gare ka? Mafi yawan gidajenmu daga Samaru har Tudun Wada sifilit ne, mai rimot, kuma shi ba shi da ramukan wayoyi masu haruffan R da Y da G ɗin da tamostat ke nema, injin sanyi na tsakiya mai bi ta cikin silin ne ke da su, irin na manyan ofisoshi da otal. Mai sifilit abin da ya dace da shi shi ne 'yar na'urar da ke kwaikwayon rimot, irin su Sensibo ko Broadlink, da caja ta USB take aiki, ba a yanke waya ko ɗaya. Sharaɗinta kawai ta riƙa kallon esin, kar a ɓoye ta bayan labule ko talabijin.

To in kana da na tsakiyan, nan ne maganar wayar C take shigowa, ita ce ke wahalar da mutane sosai. R ke kawo wuta, Y ke tada kwamfireso, G fanka, W na ɗumama ne wanda mu nan ba kasafai muke da shi ba. C kuma ita ke rufe zagayen wutar don tamostat ya samu abincinsa kullum. Tsofaffin tamostat ba su damu da ita ba, amma wannan mai sikirin da wayifai yana jan wuta dare da rana. In babu C, in Nest ne, sai ya riƙa tsotsar kaɗan-kaɗan ta wayar Y yana cajin batirinsa, mu kuma ga yadda ake ɗauke mana wuta awanni, batirin ba ya samun cika, sai ka ga sikirin ya yi baƙi, ko wayifai na yankewa, ko esin na tashi yana mutuwa ba dalili. Gyaran ba wuya: ciro kan tamostat ka duba cikin bango, sau da yawa akwai waya guda da aka naɗe ba a yi amfani da ita ba, a jona ta a C ta ɓangarorin biyu, wato bango da bodin injin. Mutane na jona ta a bango su manta da can ciki, wannan daidai yake da ba a yi komai ba. In babu rarar waya, Ecobee na zuwa da ɗan akwatinsa PEK mai maye gurbin wayar C, Nest ma yana da irinsa mai suna Power Connector.

Sai masu aiki ba su kashe bireka ba, wai ai bolt 24 ba ya jan mutum. Gaskiya ne ba zai yi maka illa ba, amma R ta ɗan goga C na daƙiƙa ɗaya, fiyus ɗin bodi ya tafi. Ƙarami ne irin na mota, amfiya 3 ko 5, ɗaga shi a haske za ka ga zaren ciki ya tsinke. A sa mai lamba iri ɗaya. Ɗaure shi da zaren waya yadda wasu ke yi, taransifomar ce za ta ƙone a madadinsa. Kuma ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka kwance, ka bi harafin da ke jikin ramin, launin waya ba abin dogaro ba ne.

Kafin ka ce na'ura ta lalace sa mitar awon wuta tsakanin R da C, ka juya ta kan ma'aunin bolt na AC. Wajen 24 ya kamata ka gani. In ka ga ƙasa da 20, duba wutar gidan, don in aka kawo ta ba ƙarfi ita ma taransifomar ƙasa take bayarwa, maganin nan sitabilaiza ne, ba sabon tamostat ba. In sifili ne bayan fiyus lafiya lau, leƙa bututun ruwan esin, wasu injinan na da makunnin da ke yanke wuta in ruwa ya taru, ƙurar hunturu kuwa ta iya toshe bututu.

Wani abin da ake ɗauka matsala ce alhali kariya ce: an dawo da wuta ko an juya zuwa janareta, esi ya ƙi tashi nan take. Jinkirin kamar minti biyar aka sa masa da gangan saboda kwamfireso, ka bar shi, kar ka yi ta kashewa da kunnawa. In kuma manhajar wayarka ta ce ba ta ganinsa, fara duba ko rawutar ce ta mutu da aka ɗauke wuta, gara a ɗora ta a kan inbata, sannan da yawa cikin ƙananan na'urorin nan wayifai mai lamba 2.4GHz kawai suke kamawa, ba mai 5GHz ba.