Yadda na rabu da ciwon jiki a kan babur

Duk sati biyu nakan hau babur daga Birnin Kebbi zuwa Yauri don duba gyatumata. Kafin in wuce Jega yatsun hannuna na dama sun mutu, a Koko kuwa sai na sauka na dafe ƙugu. Na jima ina ɗora laifin a kan ramukan hanya.

Wata rana na kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, na hau, na rufe ido, na miƙa hannu inda jikina ya sake. Da na buɗe ido, kan babur ɗin ya fi hannuna nisa da kusan yatsa uku. Ashe miƙewa nake yi duk tafiyar!

Na sassauta notuna 4 da ke riƙe da shi, na jawo shi baya kaɗan har gwiwar hannuna ta ɗan lanƙwashe, na ɗaure su a gicciye. Hannun birki da na kuloci na karkatar da su ƙasa, don wuyan hannu ya miƙe. Sannan na murɗa kan har ƙarshe, hagu da dama, na tabbata wayar totur ba ta ja.

Kujerar ce ta fi ba ni aiki. Sosonta ya lotsa, tana zame ni kan tanki. Mai ɗinkin kushin ya danna ta da babban yatsa, ya ce, "Malam, ai wannan taushin ne ke cutar ka." Ya sa soso mai tauri a ƙasa, mai laushi siriri a sama, ya ɗan ɗaga gaban.

Asabar ɗin nan sai a Yauri na sauka.