Kafin ka karɓi na'urar TPE a shagonka, bi sawun kuɗin kati

Ɗan kasuwar Garwa, Marwa ko Kusiri da ke shirin karɓar kati ya fara sanin hannayen da kuɗinsa zai ratsa. Mai saye ya sa kati a TPE, wato na'urar karɓar biya da katin banki, saƙon ya tafi bankinka, ya bi layin Visa, Mastercard ko GIMAC (layin bankunan yankinmu na Afirka ta Tsakiya), ya isa bankin mai katin, shi kuma ya amince ko ya ƙi. Kamashon da ake cire maka gida uku ake raba shi: bankin mai katin, kamfanin layin, da bankinka. A katin Visa da Mastercard, kamfanin ne ke ƙayyade kaso biyu na farko, shi ke rubuta ƙa'idojin jayayya, kai da bankinka sai bi. Ƙarfinsu ke nan.

Kada ka sa hannu sai an ba ka farashi a rubuce, kowane irin kati da nasa: na GIMAC, na Visa ko Mastercard da bankin yankinmu ya bayar, da na waje, irin wanda baƙi daga Yola ko Mubi ke riƙewa. Na waje ya fi tsada a yawancin lokuta. Yi lissafi da ribarka: kamashon kashi 2 cikin 100 a cinikin sefa 50,000 sefa 1,000 ne, kuma a buhun shinkafa wannan na iya cinye ribar. Tambayi kuɗin hayar na'urar, da kwana nawa kuɗi ke yi kafin ya shiga asusunka.

Kowace yamma ka tabbatar na'urar ta tura cinikin ranar zuwa banki, abin da ma'aikatan banki ke kira télécollecte. In ba ta tura ba, kuɗin ba zai sauka ba. Idan layi ya yanke, rasit ya nuna an ƙi biya amma mai saye ya ce an cire masa, kada ka ba da kaya, ka ajiye rasit ɗin, shi kuma ya bi bankinsa. Kada ka yarda ka buga lambar kati da hannu. A sa katin, mai shi ya danna lambar sirrinsa, domin in ya musanta cinikin daga baya, wannan ce hujjarka, in babu ita za a iya zare kuɗin daga asusunka.

Wasu ƙasashe sun taka wa kamfanonin nan burki. A 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade rabon bankin mai kati: kashi 0.2 cikin 100 a katin cire kuɗi, 0.3 a katin bashi. A Maris 2022 Visa da Mastercard suka dakatar da aiki a Rasha, amma ciniki a cikin ƙasar bai tsaya ba, domin Rasha ta riga ta gina layinta na gida. Mu ma muna da GIMAC tun 2012. Ya kamata BEAC, babban bankin yankinmu, da COBAC, hukumar sa ido kan bankuna, su tsaya tsayin daka cewa cinikin kati na Garwa da Njamena a cikin yankin za a kammala biyansa, su sa iyaka a kan kamasho, su kuma tilasta wa bankuna nuna wa ɗan kasuwa kaso ukun nan dalla-dalla a takardar asusunsa. Kafin nan, nemi TPE mai karɓar katin GIMAC, ka haɗa da Orange Money da MTN MoMo a kanta ɗaya.