Idan Na'urar CPAP Ta Hana Ki Barci, Ga Inda Za Ki Nemi Ƙarar

Maigidana yana kwana da na'urar CPAP, wadda likitoci suke rubuta wa mai ɗaukewar numfashi a cikin barci, tana hura iska ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke fuska don kada maƙogwaro ya toshe. Shi da zarar ya ɗaura takunkumin barci ya kwashe shi, ni ce mai kunne a buɗe, don haka duk wani sauti da abin nan yake yi na san shi. Matan da mazajensu suka fara amfani da ita suna yawan yi mini ƙorafi iri ɗaya: an rabu da minshari, an koma fama da huci da fito har asuba. Wasu har sun kai ga maigidan ya mayar da na'urar cikin kwalinta don a zauna lafiya. Wannan ne yake tayar mini da hankali, domin maƙogwaron da yake toshewa cikin dare bai warke ba, kuma barinsa haka yana da alaƙa da hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, da gyangyaɗi a kan sitiyari.

Abu na farko da nake so ki riƙe, 'yar'uwa, shi ne na'urar zamani ba mai ƙara ba ce. Wadda Dokta Colin Sullivan ya fara haɗawa a Sidni ta ƙasar Ostireliya, ya kuma bayyana sakamakonta a 1981, da injin zuƙe ƙura aka yi ta, wannan kam dole ta yi ruri. Na yanzu kuwa, irin su AirSense 10 ta kamfanin ResMed, ƙararsu ba ta kai desibel 30 ba, wato ba ta fi raɗa ba. Idan taku tana damun kunne, akwai inda iska take tserewa, ko ruwa ya kwanta a inda bai kamata ba, ko an ajiye ta a mugun wuri. Da wuya laifin ya zama na injin kansa.

Ki yi gwajin da rana, ba da tsakar dare ba lokacin da rai ya riga ya ɓaci. Kashe fanka da rediyo, cire takunkumin daga bakin tiyo, kunna na'urar, ki toshe bakin tiyon da tafin hannu. Idan ɗakin ya yi tsit sai ɗan diri kaɗan, injin lafiya lau yake, a takunkumi matsalar take. Idan har yanzu kina jin fito, ki jiƙa ɗaya hannun ki bi tiyon da shi daga farko zuwa ƙarshe. Jiƙaƙƙen hannu yana jin sanyin iska ko da hujin bai fi bakin allura ba, kuma galibi kusa da bakunan biyu yake tsagewa, inda ake yawan ja da lanƙwasawa. Tiyon da ya huje sai dai a canza shi. Ki kuma danna mazubin ruwan da yake ba iskar laima ki tabbatar ya shige har ya yi ƙas, ki duba robar da ke murfinsa ko ta zame, domin ita ma tana yin fito.

Takunkumin shi ne babban mai laifi, nan ya kamata ki ɓata lokaci. Robar da take taɓa fuska an yi ta ne don iska ta kumbura ta, ta manne a fata da kanta. Mutum idan ya ji iska tana hura masa ido, abin da yake zuwa masa shi ne ya ƙara tamke maɗaurin. Tamkewar nan tana murƙushe robar ta yi ninki, iska ta samu hanya ta cikin ninkin, sai ka ji "fiiii" ko "furrr" duk lokacin da ya juya, da safe kuma ga shatin maɗauri a kumatu. Abin da muke yi shi ne ya kwanta yadda ya saba kwanciya, a kan matashin da yake barci a kai, na'urar tana kunne, sannan a daidaita. Fuskar mutum a zaune daban take da fuskarsa a kwance. Sai ya ɗaga takunkumin daga fuska kaɗan, ya bari robar ta cika da iska, ya sake ta ta zauna a hankali. Idan da sauran tsiyaya, a ja maɗaurin ɓangarorin biyu daidai wa daida, kaɗan-kaɗan. Yatsa ya riƙa iya shiga ƙarƙashinsa ba tare da dole ba.

Maiƙo shi ma abokin gaba ne. Mu mutanen da ba ma kwanciya sai mun shafa mai, musamman da hunturu, wannan yana da wahalar ji, amma basilin ko man kaɗanya a gefen hanci yana sa robar ta riƙa zamewa, kuma yana lalata ta da wuri. Ya wanke fuska kafin ya kwanta, ya bar inda takunkumin zai zauna a bushe, ya shafa mansa da safe. Robar kuma a wanke ta kullum da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a shanya a inuwa. Idan ta fara yin rawaya, ko ta yi yauƙi, ko ta saki, ta gama aiki. Na san kuɗinta da dala ake lissafa shi, kuma ba kowane kanti ake samu ba, shi ya sa idan wani zai yi tafiya nake saƙon biyu maimakon ɗaya. Amma tsohuwar roba ba ta gyaruwa da tamkewa.

Sai maganar gemu. Takunkumin da yake rufe hanci da baki gaba ɗaya yana zama ne a kan haɓa, kuma roba ba ta mannewa a kan gashi. Ba sai an taɓa gemu ba. Akwai irin da ake kira matashin hanci, 'yan robobi biyu masu laushi da suke zama a ƙofofin hanci kawai, ba ruwansu da gemu. Suna zuwa da girma daban-daban, a gwada har a samu wanda ya zauna. Wannan canjin ne ya fi kawo sauƙi a ɗakinmu. Sai dai yana da sharaɗi, dole baki ya kasance a rufe. Idan kika ji leɓɓansa suna kaɗawa, ko ya tashi da baki a bushe ƙayau, iskar tana shiga ta hanci tana fita ta baki. Akwai maɗaurin haɓa da ake sayarwa don wannan. Idan kuwa toshewar hanci ce take sa shi buɗe baki, a gaya wa likita a yi maganin hancin.

Yanzu ga inda nake roƙonki da babbar murya. A jikin kowane takunkumi, ko a gwiwar da ke haɗa shi da tiyo, akwai 'yan ƙananan ramuka da iska take fita ta cikinsu ba tsayawa. Ba lalacewa ba ce. Ta nan ne iskar da mutum ya fitar daga huhunsa take ficewa, don kada ya sake shaƙarta. Kada a liƙe su da salatif, kada a ɗaure su da tsumma, ko da kuwa su ne suke huci. Abin dubawa shi ne me iskar take bugawa. Idan tana fita fili, da ƙyar za ki ji ta. Idan ta ci karo da matashi, ko bargo, ko gidan sauro da ya sauko kusa da fuska, nan take sautin yake ninkuwa. Ki ɗame gidan sauron, ki ja bargon ƙasa da haɓa, shi kuma ya kwanta a bakin matashi yadda takunkumin zai leƙo waje. Ramukan idan datti ya toshe rabinsu su ma suna fito, tsohon buroshin haƙori mai laushi ya isa ya share su. Wasu takunkuman suna da raga mai laushi a wurin ramukan wadda take watsa iskar, ga wadda iskar take hura wa wuya cikin dare wannan ya cancanci kuɗinsa.

Wata ƙarar kuma ta ruwa ce, ɓul-ɓul-ɓul a cikin tiyo kamar tukunya ta fara tafasa. Tana zuwa da sanyin Disamba da Janairu, ko a ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Iskar da ta ɗauko ɗumi da laima daga mazubin ruwa tana bi ta cikin tiyo mai sanyi, sai ta koma raɓa ta taru a inda tiyon ya lotsa. Ki ajiye na'urar ƙasa da kan mai barci don ruwan ya gangara ya koma mazubi, maimakon ya zubo masa a hanci. Ki rage lambar laima mataki ɗaya. Tiyon kuma a sa masa riga. Ni telanmu na ba ragowar yadi mai kauri ya ɗinka mini doguwar riga, tsawon tiyon da aka saba bai kai mita biyu ba. Wanda yake da hali ya sayi tiyo mai ɗumama kansa. Kada ruwan ya wuce layin da aka zana a jikin mazubin. Tataccen ruwa irin na kantin magani shi ya fi, domin na famfo da na rijiya suna barin farin gishiri a gindin mazubi. Ruwan batir na wajen makanikai kuwa kada ya kusanci abin da mutum zai shaƙa.

Ƙurar hunturu tana cika filta, wato matatar iskar na'urar, da sauri fiye da yadda takardar kamfani ta yi tsammani. Filtar da ta toshe tana sa injin ya yi ta wahalar jan iska, sai ƙugin ya ƙaru. Duba ta duk mako a wannan lokacin, idan farin ya koma ruwan ƙasa ki canza. Wurin ajiya kuma, ƙaramin teburin katako mai aljihu yana amsa kuwwa. Ki shimfiɗa tawul mai kauri a ƙarƙashi, ki janye na'urar daga jikin bango da labule, ki tabbatar ƙofar da take shan iska a buɗe take.

Kada a sa ta cikin kwali ko durowa, kada a lulluɓe ta da bargo, kada kuma a kai wa mai gyaran rediyo ya cusa mata soso don ta yi shiru. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, har da DreamStation ta farko, saboda soson da aka sa a ciki don rage ƙara yana iya marmashewa mutum ya shaƙe shi, kuma zafi da laima suna gaggauta lalacewarsa. Wanda ya san zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato ya san wannan maganar ta shafe mu. Idan taku ta hannu ce, ko wani ya aiko da ita daga waje, ki duba sunanta da lambarta da ke ƙasa ki nuna wa likita, ko a bincika a shafin kamfanin.

Wuta ma tana da nata. Wasu ƙananan inbata masu arha suna sa akwatin cajin ya riƙa zuzu, idan kika lura ƙarar tana zuwa ne sai an ɗauke wuta, ki gaya wa mai haɗa muku sola. Janareta kuwa ya yi nesa da tagar ɗakin kwana, domin na'urar iskar ɗakin take ja ta tura kai tsaye cikin hancin mai barci, kuma filtarta ba ta tace hayaƙi.

Ƙarfin iskar likita ne ya saita shi, yawanci tsakanin lamba 4 da 20 a ma'aunin na'urar, kuma gaskiya ne idan ya yi sama tsiyaya da huci sun fi yawa. Amma kada a rage shi a gida don neman shiru, sai a wayi gari na'urar tana aiki maƙogwaro yana ci gaba da toshewa. A kai ƙaramin katin ajiyar bayanai da ke jikinta asibiti. Likita zai ga yawan iskar da take tserewa kowane dare. A na'urorin ResMed idan ta wuce lita 24 a minti ɗaya ana ɗaukarta ta yi yawa. Zai iya saita ta ta fara a hankali ta riƙa hawa har barci ya ɗauke shi, ko ta riƙa sassautawa lokacin fitar da numfashi.

Idan an gyara duk wannan, abin da zai rage shi ne sautin numfashi mai hawa da sauka. Fanka a lamba ɗaya tana haɗiye shi. Abin toshe kunne na soso ma yana aiki, sai dai mai goyo ta yi tunani kafin ta sa, ni ma ba na so saboda kiran sallar asuba.

Ƙarar da ba a gyara ta a gida ita ce gurzar ƙarfe, ko kuka mai tsini da yake fitowa daga cikin injin ko da kin toshe bakin tiyo. Injinan nan ana yi musu lissafin kamar shekara biyar, kuma a allonsu akwai inda yake nuna awannin da suka yi aiki, abin da ya kamata a duba tun kafin a biya kuɗin ta hannu. Idan da warin ƙuna, ko kika ga baƙin gari a cikin tiyo ko mazubi, a kashe ta, a kira likita a ranar, ya faɗi abin da maigidan zai yi kafin a samu wata.