Kurakuran masu rubuta "A Rana Irin Ta Yau" da yadda ake gyara su

Kullum da safe sai ka ci karo da su a Facebook da WhatsApp, wani lokacin har a rediyo: "A rana irin ta yau, a shekara kaza, aka yi kaza." Aiki ne mai amfani, domin ta nan matasa da yawa suke fara ɗanɗanar tarihi. Abin da ya ishe ni shi ne kurakurai iri ɗaya da ake ta maimaitawa, wannan ya kwafa daga wancan, har kuskure ya tsufa ya sami gindin zama. Kafin ka ce abubuwa biyu sun faru rana guda, sai ka san kalandar da aka ƙirga da ita, da agogon garin da abin ya faru, da kuma matakin al'amarin da ake nufi.

Mafi muni shi ne na kalanda. Kalandar Miladiyya da muke amfani da ita yau ba ita ce Turawa suke bi tun asali ba. Ta da, wato ta Juliyas, ta ɗauki shekara kwana 365 da kwata, abin da ya zarce shekarar rana da kusan minti 11. Minti 11 ba komai ba ne a ido, amma duk shekara 128 sai ya tara kwana guda. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya yi gyara: aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba, aka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Italiya da Sifaniya da Fotugal suka bi nan take. Birtaniya da ƙasashen da take mulka ba su bi ba sai 1752, inda 14 ga Satumba ta biyo bayan 2 ga Satumba. Rasha sai 1918, Girka sai 1923. Ke nan sama da shekara 300 Turai tana tafiya da kalanda biyu, kuma kowace takarda da tata.

Ga abin da rashin sanin wannan yake jawowa. Juyin juya halin da ya kawo 'yan gurguzu kan mulki a Rasha ana kiransa na Oktoba, saboda a kalandar Rasha ta lokacin ranar 25 ga Oktoba 1917 ce. A kalandarmu 7 ga Nuwamba ce. Amma sai ka ga mutum ya saka shi a jerin 25 ga Oktoba, kusa da abubuwan da suka faru a Afirka da Amurka, alhali kwana 13 ne tsakani. Wani ma ya saka shi sau biyu, a Oktoba da Nuwamba, bai lura abu ɗaya ba ne. Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne. Haka George Washington, shugaban Amurka na farko: an rubuta haihuwarsa 11 ga Fabrairu 1731, yau kuma ana cewa 22 ga Fabrairu 1732. Har shekarar ta canja, domin a lokacin Ingila tana fara sabuwar shekara ne ranar 25 ga Maris. Masanin kimiyya Isaac Newton ma haka, 25 ga Disamba 1642 a Ingila, 4 ga Janairu 1643 a Faransa.

Gyaran ba wuya. Dubi ƙasar, dubi shekarar, ka tambayi kanka ko ta riga ta koma sabuwar kalanda. In ba ta koma ba, ƙara kwana 10 daga 1582 zuwa ƙarshen Fabrairun 1700, kwana 11 daga nan zuwa 1800, kwana 12 zuwa 1900, kwana 13 bayan nan. Kada ka ƙara 13 a ko'ina don ka ji an faɗa a kan Rasha. Kada kuma ka ƙara a kan ranar da marubucin littafin ya riga ya juya, domin littattafan zamani da yawa sun yi aikin tun kafin su iso hannunka. Abin da ya faru kafin 1582, kamar cin birnin Istanbul a 29 ga Mayu 1453, malaman tarihi suna barinsa yadda yake a tsohuwar kalanda. Ni ma haka nake barinsa, sai dai in rubuta a gefe cewa tsohon lissafi ne.

Na Hijiriyya kuwa mu ya fi shafa, kuma abin kunya ne a ce mu ne muke kwafsawa a nan. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta rana da wajen kwana 11, shi ya sa azumi yake zagaya damina da hunturu da bazara. Saboda haka yaƙin Badar yana da "rana irin ta yau" iri biyu da ba sa haɗuwa sai jefi-jefi: 17 ga Ramadan na kowace shekara, ko kuma tsakiyar Maris, tunda a Maris na 624 aka yi shi. Zaɓi ɗaya ka faɗa wa mai karatu wadda ka zaɓa. Hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a watan Zulƙida 1218 ce, daidai da Fabrairun 1804. Idan Zulƙidar bana ta faɗo a wani wata dabam, ba ka da ikon jera hijirar da abubuwan da suka faru a wannan watan na Turawa ka ce rana guda ce. Don duba shekara da sauri, ninka ta Hijira da 0.97 ka ƙara 622, zai kai ka kusa, da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ba. Manhajojin juya kwanan wata kuma lissafi suke bi, ba ganin wata ba, suna iya saɓawa da kwana ɗaya ko biyu. Sannan ranar Musulunci da faɗuwar rana take farawa: abin da ya faru "daren Juma'a" a littafin malaminmu, ranar Alhamis ce da dare a kalandar bango.

Maganin da na fi dogara da shi a duk waɗannan shi ne ranar mako. Gyaran kalanda bai taɓa jerin Asabar, Lahadi, Litinin ba. Idan tsohuwar takarda ta ce Juma'a, lissafinka ya ba ka Laraba, to lissafinka ne da matsala, koma ka sake.

Sai agogo. Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor hari da safiyar 7 ga Disamba 1941 a Hawayi, a Japan kuwa 8 ga wata ce. Miƙa wuyan Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu ya fara aiki da daren 8 ga Mayu 1945, lokacin da gari ya riga ya shiga 9 ga wata a Mosko, shi ya sa har yau Rasha take bikinta ranar 9. Kumbon Apollo 11 ya sauka a kan wata 20 ga Yuli 1969, amma sa'ad da Neil Armstrong ya sa ƙafa ƙasa, ƙarfe huɗu saura na asubar 21 ga wata ne a Kano da Damagaram. Ɗauki ranar wurin da abin ya faru, in akwai saɓani ka ambata shi a jimla ɗaya.

Wani kuskuren da yake tayar mini da hankali shi ne cakuɗa matakan al'amari guda. Babban abu ba ya faruwa a yini ɗaya: akwai ranar yanke shawara, ranar sanarwa, ranar sa hannu, ranar da ya fara aiki, da ranar da gwamnati ta ware don biki. Ɗauki 1 ga Oktoba, wadda kowa yake ganin ya sani. Najeriya ta sami 'yanci a 1960, ta zama jamhuriya a 1963, abubuwa biyu ne, amma sau nawa ake cewa Azikiwe ya zama shugaban ƙasa a 1960? A ranar ce Mao ya ayyana Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, a ranar ce Kudancin Kamaru ya haɗe da Jamhuriyar Kamaru a 1961. Tsibirin Kubrus kuwa yana bikin 'yanci 1 ga Oktoba, amma 16 ga Agusta 1960 ya same shi, don haka ba shi da gurbi a jerin. Nijar tana da 18 ga Disamba 1958 ta jamhuriya da 3 ga Agusta 1960 ta 'yanci. Yaƙin basasar Najeriya: Philip Effiong, jagoran ɓangaren Biyafara a lokacin, ya yi sanarwar ajiye makamai 12 ga Janairu 1970, aka kammala miƙa wuya a Legas 15 ga wata. An buɗe katangar Berlin 9 ga Nuwamba 1989, Jamus ba ta haɗe ba sai 3 ga Oktoba 1990. Wanda ya rubuta "an kawo ƙarshen yaƙi" ko "ƙasa ta haɗe" ba tare da ya faɗi matakin ba, ya bar mai karatu cikin duhu. Zaɓi aikatau da ya dace da ranar: ya sanar, aka sa hannu, aka rantsar, aka binne.

Ƙananan ba sa buƙatar dogon bayani. Amurkawa suna fara rubuta wata kafin rana, saboda haka 9/11 a wurinsu 11 ga Satumba ce, a tsarinmu kuwa 9 ga Nuwamba. Rubuta sunan watan da haruffa ka huta. Babu shekara ta sifili tsakanin kafin Miladiyya da bayanta, cire ɗaya in kana ƙirga tsakani. Ranar da jarida ta buga labari ba ita ce ranar da abin ya faru ba. Shafuka goma da suka kwafi juna shaida ɗaya ce.

Sannan a daina neman asiri a inda babu shi. An yi juyin mulkin da ya kai Gowon kan mulki 29 ga Yuli 1966, aka kifar da shi 29 ga Yuli 1975. Ranar 11 ga Satumba ta ga juyin mulkin Chile a 1973 da harin da aka kai wa Amurka a 2001. Kwanakin shekara 365 ne kacal, abubuwan tarihi kuwa ba su ƙirguwa, dole su yi karo. A ɗaki mai mutum 23, yiwuwar biyu su haɗa ranar haihuwa ta haura rabi. Inda aka zaɓi ranar da gangan, to wannan labari ne, a kawo hujjarsa. Hitler ya yi yunƙurin juyin mulkin da ya ci tura a Munich 9 ga Nuwamba 1923, kuma shugabannin jam'iyyarsa suna taron tunawa da wannan yunƙurin ne a 1938 lokacin da aka ba da umarnin far wa Yahudawa a daren 9 ga Nuwamba. Wannan alaƙa ce ta gaskiya. Buɗe katangar Berlin a irin wannan rana kuwa dacewa ce kawai, ta biyo bayan sanarwar da wani jami'in Jamus ta Gabas ya yi cikin ruɗani a taron manema labarai da yammacin ranar.